Dokin da aka shigo da shi daga waje: Matakan gasa da sharuɗɗan shiga fili

A ƙasar Hausa cinikin doki ciniki ne na ido da hannu. Mai saye a ƙasar Wudil, daga Dagumawa ya fito ko daga cikin gari, zai sa dillali ya buɗe bakin dokin a duba haƙora, a shafa ƙafafu, a ɗaga kofato, a hau shi a ɗan yi kilisa, sannan a taya a sallama. Ranar Sallah babu mai tare shi a ƙofar fada ya tambaye shi takardar haihuwar dokinsa. Da an ɗaura sirdi an shimfiɗa jalala ya shiga ayarin hakiminsa, magana ta ƙare.

Dokin da aka ɗauko a jirgin sama daga Ajantina ko Turai domin gasa kuwa, hukuncinsa daban ne. Tsadarsa ba ta buɗe masa ƙofar kowane fili. Abubuwa huɗu ake dubawa kafin ya shiga: lafiyarsa a bakin iyaka, shaidar da ke tabbatar da ko wane doki ne, shekarunsa da matakin horonsa, sai kuma matsayin mahayinsa. Wanda bai san waɗannan ba kafin ya biya kuɗi yana iya wayar gari da doki mai tsada a barga wanda babu gasar da za ta karɓe shi.

Shigo da dawaki tsohon ciniki ne

Tun ƙarnoni da suka wuce fatake ke kawo dawakin Arewacin Afirka ta Sahara. Matafiyin nan Leo Africanus, wanda ya yi rubutu a ƙarni na 16, ya ba da labarin cewa Sarkin Borno kan sayi doki guda daga fataken Arewacin Afirka a kan bayi 15 zuwa 20. Kundin tarihin sarakunan Kano ya danganta shigowar lifidi da kwalkwali da sulke ga Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410. Dawakin Azbin da na Borno sun daɗe da yin suna a bargar sarakuna, kuma har yau ana shigo da dabbobi daga Nijar ta kasuwannin kan iyaka irin su Maigatari.

Darajar doki ba ta ragu ba. A watan Disamban 2024 hukumar UNESCO ta sanya Hawan Sallah na Kano a jerin al'adun gado na duniya. Abin da ya sauya shi ne nisan wurin da doki ke fitowa, da kuma zuwan wasanni masu rubutattun dokoki. Uku daga cikinsu ne suka shafi dokin waje: sukuwa, da ƙwallon dawaki wato polo, da kuma diresaj, gasar nuna horon doki. Kowannensu da abin da yake aunawa.

Sukuwa tana duba asali

A filayen sukuwa na Arewa an saba raba dawaki rukuni-rukuni bisa asalinsu, domin kada dokin gida ya kara da wanda ya fi shi tsawon ƙafa da numfashi. Dawakin Arewa suna da tserensu, na Sudan suna da nasu, haka jinsin Thoroughbred da ake shigowa da shi.

A manyan filayen duniya asalin nan a rubuce yake. Ba a kiran doki Thoroughbred sai an same shi a littafin nasaba da aka amince da shi. Littafin farko ya fito a Ingila a 1791, kuma nasabar jinsin ta wajen uba tana komawa ne ga ingarmu uku da aka shigo da su Ingila daga ƙasashen gabas: Byerley Turk da Darley Arabian da Godolphin Arabian. Sharaɗi ne kuma a samu cikinsa ta hanyar barbara ta ɗabi'a. Wanda aka samu ta hanyar ɗura maniyyi ba ya shiga littafin, don haka ba ya shiga tseren jinsin.

Ƙwallon dawaki: mataki na mahayi ne

Mafi yawan dawakin gasa da ake shigowa da su Najeriya daga ƙetaren teku na ƙwallon dawaki ne. Turawan mulkin mallaka ne suka kawo wasan Legas a 1904. A Arewa, Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, shi ne ya rungume shi a farkon shekarun 1920 bayan ziyarar da ya kai Ingila. Ɗansa, Sarki Usman Nagogo, ya shahara a wasan har ya kai maki 7 a ma'aunin gwaninta, kuma jikansa Janar Hassan Usman Katsina ya ci gaba da riƙe sandar.

Wannan ma'auni, da 'yan wasa ke kira handikaf, shi ne ginshiƙin matakan gasa. Yana farawa daga maki biyu ƙasa da sifili ya tiƙe a 10. Kwamitin hukumar wasan ne ke ba kowane ɗan wasa makinsa, bisa iya hawansa da bugunsa da fahimtar wasa da ingancin dawakinsa. Makin ba lissafin ƙwallayen da mutum ya ci ba ne. Ƙungiya tana da 'yan wasa huɗu, kuma jimlar makinsu ita ke nuna matakin da za ta shiga: ƙarami, matsakaici, ko babba.

Kowane kofi yana da iyakar jimlar da ya yarda da ita. A Ingila babban mataki yana tsayawa a maki 22. Gasar cin kofin duniya ta hukumar FIP, wadda aka fara a 1987, an taƙaita ta ga maki 14 domin ƙasashe da yawa su iya shiga. Babbar gasar Ajantina da ake yi a filin Palermo na birnin Buenos Aires ita ce ƙololuwa, inda ƙungiya kan kai maki 40, wato kowane ɗan wasa yana da 10.

A Najeriya kofin da ya fi daɗewa shi ne na Georgian, wanda ake fafatawa a kansa tun 1919, kuma shi ne babban kofin gasar Kaduna. Legas tana da kofin Majekodunmi, Kano tana da kofin Sarkin Kano da na Dantata, sannan akwai filin Fifth Chukker da ke kusa da Kaduna.

Idan ƙungiyoyi biyu masu bambancin maki suka haɗu a wasan da ake lissafin handikaf, ana ba ta ƙasa ƙwallaye tun kafin a fara. Ana ninka bambancin da adadin zangon da za a buga, a raba da shida. Misali, bambancin maki 3 a wasa mai zango huɗu zai ba ƙaramar ƙungiya ƙwallaye biyu.

Ma'anar wannan ga mai sayen doki a fili take. Doki ba shi da handikaf. Goɗiyar da ta taɓa bugawa a Palermo, idan mai maki sifili ya saye ta, a ƙaramin mataki za ta buga tare da shi, sai dai in ya ɗauko ƙwararrun da za su ɗaga jimlar ƙungiyarsa.

Abin da polo ke nema a jikin doki

Dokokin ƙungiyar Hurlingham ta Ingila, waɗanda ƙasashe da dama har da Najeriya ke bi, ba su tambayar ƙasar da doki ya fito ko jinsinsa. A da akwai iyakar tsayi, amma an soke ta a 1919. Sharuɗɗan da suka rage na lafiya ne da tsaro. Dokin da ido ɗaya ya mutu ba ya shiga. Mai cizo ko harbi, ko wanda mahayi ba ya iya sarrafawa, alƙali zai fitar da shi. Haka mai ɗingishi ko mai zubar da jini. Ba a sa masa abin da zai tare masa gani ta gefe.

Zango guda, wanda ake kira caka, minti bakwai ne da ɗan ƙari, a fili mai tsawon mita 274. Doka ta hana doki ya wuce zango uku a yini, kuma sai an ba shi hutu a tsakani. Saboda haka doki ɗaya ba ya isar ɗan wasa. Ko a wasa mai zango huɗu yana bukatar aƙalla biyu, a babban mataki kuwa garke guda ake shiga da shi. Shi ma mahayi dole ne ya riƙe sanda da hannun dama, ko da bahago ne.

Dawakin Ajantina sun samo asali ne daga haɗa jinsin ƙasar, Criollo, da Thoroughbred, kuma galibin waɗanda suka yi fice goɗiyoyi ne. Nan akwai bambanci da al'adarmu, inda ingarma ake hawa, goɗiya kuma ta haihuwa ce. Polo bai hana dokin da aka kwafo daga ƙwayar halittar wani ba. A wasan ƙarshe na gasar Palermo ta 2016, Adolfo Cambiaso ya hau kwafi shida na goɗiyarsa Cuartetera.

Diresaj: mataki na doki ne

Kalmar ta fito daga Faransanci, ma'anarta horarwa. Wanda ya taɓa ganin dokin bafada yana taka rawa a gaban masu algaita zai gane abin da ake nema: doki ya bi umarnin mahayi cikin taƙama, kamar don ra'ayin kansa yake yi. Amma a diresaj komai a ƙayyade yake. Fili na da tsawon mita 60 da faɗin mita 20, an kafa haruffa a gefensa, kuma an rubuta motsin da za a yi a kowane harafi. Alƙalai na ba kowane motsi maki daga sifili zuwa 10, a haɗa a mayar kashi cikin 100. A gasar Olamfik alƙalai bakwai ne ke zama kewaye da fili.

Wasu abubuwan da ake yabo a hawan Sallah laifi ne a nan. Miƙewa a kan ƙafafun baya bijirewa ce, kuma idan doki ya yi gardama fiye da daƙiƙa 20 an fitar da shi. Mahayi ba ya yi wa doki magana, ba ya shiga filin gasar duniya da bulala. Idan aka ga sabon jini a bakin doki ko a gefen cikinsa, gasar ta ƙare masa.

Hukumar wasannin dawaki ta duniya, FEI, wadda aka kafa a 1921 kuma take da mazauni a Lausanne ta ƙasar Suwizalan, ita ke kula da diresaj. Polo da sukuwa ba sa ƙarƙashinta. Diresaj ya shiga Olamfik a 1912 a Stockholm. Hafsoshin soja kaɗai ke yin sa har zuwa 1952, lokacin da aka buɗe wa farar hula da mata, kuma a shekarar ce Lis Hartel ta ƙasar Denmark ta ci lambar azurfa duk da lalurar shan inna da ta raunana mata ƙafafu.

Matakan diresaj

Tsani biyu ne a jere. Na ƙasa kowace ƙasa ke tsara nata. Jamus tana da matakai biyar masu haruffa E da A da L da M da S. Amurka da Ingila suna da nasu sunayen. A nan doki ke koyon taku uku cikin tsari: tafiya, sassarfa, da sassauƙar sukuwa, sannan ya koyi tafiya a karkace da tattara jiki.

Tsani na sama na FEI ne, kuma iri ɗaya ne a duk duniya. Ya kasu gida uku.

Ƙaramin zagaye ya ƙunshi Prix St Georges da Intermediate I. A na farko doki zai yi rabin juyi a kan ƙafafunsa na baya yana cikin sukuwa, ya kuma sauya ƙafar da ke jagora bayan kowane taku huɗu da kowane taku uku. A na biyu juyin cikakke ne, sauyin kuma ya kai kowane taku biyu.

Matsakaicin zagaye ya ƙunshi Intermediate A da B. A nan ake fara neman motsi biyu mafiya wahala: sassarfa a wuri ɗaya ba tare da ci gaba ba, da sassarfar taƙama mai ɗaga ƙafa da jinkiri a sama.

Babban zagaye ya ƙunshi Grand Prix da Grand Prix Special da wasan da mahayi ke tsara wa kansa bisa kiɗa. A Grand Prix doki zai sauya ƙafa sau 15 a jere, sauyi a kowane taku. Shi ne matakin Olamfik. Maki mafi yawa da aka taɓa samu a wasan kiɗa shi ne kashi 94.3 cikin 100, wanda Charlotte Dujardin ta samu a kan Valegro a Landan a 2014.

Su ma tarukan gasar an jera su da taurari, daga CDI mai tauraro ɗaya zuwa mai biyar. Mahaya kuma an raba su bisa shekaru: yara daga 12 zuwa 14, matasa daga 14 zuwa 18, sai rukunin 16 zuwa 21 da na 16 zuwa 25. Daga shekara 16 mahayi na iya shiga sahun manya.

Shekaru da tsayi

Doki ba ya tsallake shekarunsa, komai hazaƙarsa. Ƙaramin zagaye na neman shekara 7 aƙalla, Grand Prix na neman 8. Masu shekara 5 da 6 da 7 suna da gasar duniya tasu ta ƙananan dawaki. An sa wannan iyaka ne domin ƙashi da jijiyoyin dukushi ba sa jure nauyin tattara jiki, kuma horon da ke kai doki Grand Prix kan ɗauki shekaru da yawa.

Lissafin shekarun ba daga ranar haihuwa yake farawa ba. Dokin da aka haifa a arewacin duniya ana ƙara masa shekara a ranar 1 ga Janairu, wanda aka haifa a kudanci, kamar Ajantina ko Afirka ta Kudu, a ranar 1 ga Agusta. Mai sayen doki daga kudu ya kamata ya yi lissafinsa da wannan.

Tsayi ma yana raba aji. Wanda bai wuce santimita 148 ba a doron kafaɗa, ba tare da takalmin ƙarfe ba, ƙuru ne a dokar FEI, kuma yana da rukuninsa na yara. Dawakinmu na gida da yawa a kusa da wannan iyaka suke, don haka awo na da muhimmanci. Game da jinsi kuwa, FEI ba ta ware kowa ba. Dokin Arewa da ya cika shekaru da tsayi da horo yana da haƙƙin shiga daidai da na Jamus, kuma tun 2012 hukumar ta yarda da dawakin da aka kwafo.

Takardun shaida

Dokin gasa yana da fasfo kamar mutum. A ciki akwai zanen jikinsa da aka nuna launinsa da farin goshi da farin ƙafa da wuraren da gashi ya murɗe, da sunan mai shi, da tarihin allurorinsa. A manyan gasanni, ko idan doki zai yi gasa a wata ƙasa, sai da fasfon FEI ko katin amincewarta, wanda ake sabuntawa duk shekara huɗu. Tun 2013 duk dokin da za a yi wa rajistar farko sai an dasa masa 'yar ƙwayar na'ura mai ɗauke da lamba a gefen hagu na wuya, wadda ake karantawa da na'urar hannu. Rajistar doki da ta mahayi ana sabunta su duk shekara, ta hannun hukumar ƙasa da ke cikin FEI. Mutum ba ya aika sunansa da kansa.

Allurar murar dawaki wajibi ce. Dole a ce an yi wa doki ta ƙarshe cikin wata shida da kwana 21 kafin ya isa wurin gasa, kuma kada ta kasance cikin kwana bakwai na ƙarshe. Kafin a fara, likita da alƙalai za su sa a yi sassarfa da shi a gabansu, wanda aka ga yana ɗingishi a mayar da shi barga. Ana kuma ɗaukar jini da fitsari domin binciken haramtattun magunguna, kuma mahayi ne ke ɗaukar alhakin abin da aka samu.

Tarihin gasa yana bin doki duk inda ya je. Sakamakonsa na duniya yana cikin kundin FEI ƙarƙashin lambarsa, ko an sauya masa suna. Hukumomin ƙasashe kan nemi wannan tarihi kafin su ajiye dokin waje a mataki, domin kada wanda ya goge ya sauko ya kwashe kofunan masu koyo.

Ƙasar mai doki

A gasar Olamfik ba a tambayar inda aka haifi doki. Ana tambayar ƙasar mai shi, kuma dole ta zama ɗaya da ta mahayi. A wasannin Paris na 2024 wa'adin rajistar mallaka shi ne 15 ga Janairun shekarar. Bayan haka doki da mahayi, su biyun tare, sai sun samu aƙalla kashi 67 cikin 100 sau biyu a Grand Prix, a tarukan da ke da taurari uku zuwa sama. Makin da doki ya samu da tsohon mahayinsa ba ya amfanar sabo.

Labarin Totilas ya isa misali. Baƙin ingarma ne ɗan ƙasar Holan, wanda da mahayinsa Edward Gal suka fara haura kashi 90 cikin 100 a 2009, suka kuma ci zinare uku a gasar duniya ta 2010 a Kentucky ta Amurka. A watan Oktoban shekarar Bajamushe Paul Schockemöhle ya saye shi, aka ba Matthias Rath ya hau wa Jamus. Bai sake cin zinaren wata babbar gasa ba. Bai je Olamfik ta Landan a 2012 ba saboda rashin lafiyar mahayinsa, aka yi masa ritaya a 2015 bayan ciwon ƙafa, ya mutu a Disamban 2020.

Bakin iyaka

Kafin doki ya taso zuwa Najeriya sai an samu izinin shigo da shi daga hukumomin lafiyar dabbobi na tarayya, tare da takardar lafiya daga likitan gwamnatin ƙasar da ya fito. A filin jirgin sama jami'an hukumar killace dabbobi da tsirrai, NAQS, ke duba shi da takardunsa, kuma suna da ikon killace shi. Cututtukan da aka saba gwadawa a cinikin dawaki tsakanin ƙasashe sun haɗa da ciwon ƙarancin jini mai yaɗuwa, da ciwon da kaska ke sawa, da wasu da ake ɗauka ta barbara.

Bayan ya sauka akwai sabo da ƙasa. Dokin Ajantina ya baro yanayin da ke kishiyar namu, ya saba da ciyawar da ba harawa da dusa ba. Sauya masa abinci farat ɗaya na iya jawo ciwon ciki mai kisa. Kaska da ƙudan da ke kawo sammore, waɗanda dokin gida ya ɗan saba da su, sabbin abokan gaba ne a gare shi. Ita ma murar dawaki ta nuna ƙarfinta a ƙarshen 2018 zuwa 2019, lokacin da ta ɓulla a Sakkwato da Jamhuriyar Nijar ta kashe jakuna da dawaki masu yawa.

Hanya mai wuyar komawa

Sharaɗin da ya fi kowanne nauyi ya shafi annobar dawaki ta Afirka. Ƙwayar cuta ce mai nau'i tara, wadda wasu ƙananan ƙwari masu cizo da ba su kai sauro girma ba ke yaɗawa, galibi da almuru da asuba, musamman da damina. Tana kumbura kai da saman idanu, ta cika huhu da ruwa. A dawakin da ba su taɓa haɗuwa da ita ba, mace-mace kan kai kashi 70 zuwa 95 cikin 100. Dokin waje shi ne ya fi shiga haɗari. Ɓullarta a Legas a 2007 ta kama dawakin polo.

Duniya na tsoron wannan cuta. Ta shiga Sifen a 1987 ta jikin jakunan dawa da aka kai daga Namibiya, aka yi ta fama har 1990. Ta ɓulla a Thailand a 2020 ta kashe ɗaruruwan dawaki. Hukumar Lafiyar Dabbobi ta Duniya tana da jerin ƙasashen da ta tabbatar ba su da cutar, kuma Najeriya ba ta ciki. Amurka na killace dokin da ya fito daga ƙasar da ke da ita tsawon kwana 60. Afirka ta Kudu, duk da ƙarfin kiwon dawakinta, ta shafe shekaru daga 2011 zuwa 2024 ba ta iya aika doki kai tsaye zuwa Tarayyar Turai, sai an bi da shi ta tsibirin Mauritius an killace shi wata uku.

Saboda haka dokin da ya sauka Kano ko Legas, a aikace ya zama na nan. Mai polo wannan bai dame shi ba, domin gasarsa tana Kaduna da Kano da Katsina da Legas. Mai burin diresaj na duniya kuwa, idan ya kawo dokinsa gida ya raba shi da tarukan da zai tara maki. Shi ya sa mahayan Afirka da yawa da ke neman Olamfik suke ajiye dawakinsu a Turai.

Kafin a biya kuɗi

Mai niyyar saye ya fara tsayar da wasan da yake nufi, domin dokin polo ba ya zama na diresaj, na diresaj ma ba ya zama na sukuwa. Ya nemi fasfo, ya sa a karanta lambar da ke wuyan dokin a gabansa, ta dace da wadda ke takarda. Ya duba shekarar haihuwa da ɓangaren duniyar da aka haife shi. Ya ɗauki likitan dabbobi nasa na kansa, wanda ba na mai sayarwa ba, ya duba ƙafafu da idanu da numfashi, a ɗauki hoton ƙashi da samfurin jini. Ya tabbatar izinin shigowa ya fito kafin doki ya hau jirgi. Ya tanadi barga mai raga da maganin ƙwari, ya kuma tsara rigakafin annobar dawaki da likita tun kafin damina ta faɗi.

Daga ƙarshe ya auna kansa. Idan polo ne, ya san makinsa da kofin da jimlar ƙungiyarsa za ta iya shiga. Idan diresaj ne, ya san cewa shi da dokin za su fara tara maki ne daga farko. Idan kuwa hawan Sallah da kilisar yamma ne burinsa, ingarman gida da dillali ya duba wa haƙora ya fi jure rana da ƙura da kaska, kuma babu takardar da za a tambaye shi a ƙofar fada.